Wai bauta ce ta jawo yaƙin basasar Amurka ko 'yancin jihohi?

Ƙanena ka ce kun kwashi 'yan kallo da wani abokinka da ke zaune a Teksas, shi ya kafe wai yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 babu ruwansa da bauta, rigima ce kawai a kan 'yancin jihohi da harajin shigo da kaya, har ya kafa maka hujja da cewa Lincoln da bakinsa ya ce in zai iya riƙe ƙasar a dunƙule ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba to zai yi, shi ne kake so ka ji gaskiyar magana. Toh kar in ja ka da nisa, bauta ce. Na jima ina koyar da tarihin nan kuma kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya zo min da irin wannan maganar, don haka abokin naka ba shi kaɗai ba ne, kuma ba duk abin da ya faɗa ne ƙarya ba, akwai guntun gaskiya a ciki zan nuna maka inda take. Sai dai ka lura in na ce Arewa da Kudu a nan na Amurka nake nufi fa ba namu ba, kar wani ya karanta rabi ya taso min.

Hausawa suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma an yi sa'a mutanen da suka ɓalle ɗin ba su bar mu muna canki-canki ba, sun zauna sun rubuta dalilansu sun buga a takarda. An zaɓi Abraham Lincoln ranar 6 ga Nuwamba 1860, bai ma kai ga shiga ofis ba jihar Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba, bayan kwana huɗu ta fitar da takardar bayanin abin da ya sa, kuma in ka karanta ta za ka ga kukan da take yi shi ne jihohin Arewa sun tsani bauta, suna ɓoye gudajjun bayi, sun zaɓi mutumin da ra'ayinsa ya saɓa wa bauta. Misisipi da ta biyo baya a Janairun 1861 ita ko kunya ba ta ji ba, tun a layukan farko ta ce matsayinta ɗaure yake tamau da tsarin bauta, wadda ta kira babbar dukiyar duniya. Teksas ɗin da abokin naka yake zaune ta fi kowa baro zance, ta ce farar fata ne suka kafa gwamnatocin nan don kansu da zuriyarsu, baƙar fata kuwa bauta ce ta dace da su. Sannan ga Alexander Stephens, mataimakin shugaban sabuwar ƙasar da suka kafa, ranar 21 ga Maris 1861 ya tsaya a garin Sabana na jihar Jojiya ya ce harsashin gwamnatinsu an aza shi ne a kan abin da ya kira babbar gaskiya, wai baƙin mutum ba daidai yake da fari ba kuma bauta ita ce matsayinsa na halitta. Mutum na biyu ne fa a ƙasar, ba wani ɗan tasha ba ne.

Yanzu ga tambayar da nake so ka riƙa yi wa duk wanda ya ce maka 'yancin jihohi: 'yancin su yi me? Don 'yanci ba a cinsa gaya, sai an ce 'yancin yin kaza. Kuma abin da ya fi ba ni dariya a wannan muhawarar shi ne in ka bi shekaru goman da suka gabaci yaƙin, 'yan Kudu su ne ke neman gwamnatin tarayya ta danne jihohi, 'yan Arewa ne ke ihun a bar wa jiha 'yancinta. Dubi dokar kamo gudajjen bawa ta 1850. Dokar tarayya ce, Kudu ce ta matsa aka yi ta, ta ce duk bawan da ya tsere zuwa jihar da ta haramta bauta dole a kamo shi a mayar wa ubangidansa, ba shi da damar ya buɗe baki ya kare kansa a gaban kwamishinan da ke sauraron ƙarar, kuma kwamishinan nan dala 10 ake biyansa in ya miƙa mutum ga mai nema, dala 5 in ya sake shi, ka ga ai an riga an gaya masa inda zai karkata. Kai da kake zaune a gidanka in ka ba gudajjen bawa mafaka tarar dala 1,000 ce da ɗaurin wata shida. Jihohin Arewa suka ce ba su yarda ba suka yi nasu dokokin na kare mutane, kotun ƙolin jihar Wiskonsin ma ta ce dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki, sai da kotun ƙolin tarayya ta taka mata burki a 1859.

Bari in ba ka labarin mutum ɗaya ka gani da idonka. Anthony Burns saurayi ne bawa a Bajiniya, ya ɓuya a jirgin ruwa ya tsere zuwa Boston a 1854 ya samu aiki a wani shagon tufafi, ba a jima ba aka kama shi a titi. Garin ya hargitse, mutane suka yi yunƙurin fasa kotu su ƙwato shi har aka kashe wani mai gadi, sai shugaban ƙasa Franklin Pierce ya ba da umarni a yi amfani da sojan tarayya. Ranar 2 ga Yuni aka fito da shi, sojoji sun sa shi a tsakiya da bindigogi har da igwa, dubun dubatar mutane sun cika titi suna ihu suna tsinuwa, an rataya baƙaƙen ƙyallaye a jikin gine-gine kamar ana zaman makoki, haka aka taka da shi har bakin ruwa aka sa shi a jirgi aka mayar da shi bauta, duk wannan a kan mutum ɗaya tal, a cikin jihar da ta rabu da bauta tun shekarun 1780. Daga baya mutanen cocinsa suka haɗa dala 1,300 suka fanso shi. To a ranar nan ina 'yancin jihar Masacusets? Ba wani ɗan siyasar Kudu da ya yi mata kuka. Ita kanta takardar Karolina ta Kudu ɗin da na ambata, ta jero sunayen jihohin Arewa goma sha uku tana zarginsu da yi wa dokar tarayya taurin kai, tana jin haushin jihar Niyok don ta hana mutum ya ratsa ta cikinta da bawansa, wato laifinsu shi ne sun yi amfani da 'yancinsu na jihohi.

Sai maganar sababbin yankunan yamma waɗanda ba su zama jihohi ba tukuna, nan ne ainihin inda gizo ke saƙa. Tun 1820 aka ja layi aka ce daga nan zuwa arewa ba bauta ban da Mizuri, aka lallaɓa a haka, sai ƙasar da aka ƙwace daga Meksiko a 1848 ta sake tayar da ƙura, dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta goge layin ta ce mazauna yanki su zaɓa da kansu, ai kuwa aka dinga zubar da jini a Kansas, sannan a shari'ar Dred Scott ta 1857 kotun ƙoli ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan. Duk da haka bai ishe su ba, a taron jam'iyyar Dimokurat na Afrilun 1860 a Calston wakilan Kudu suka ce sai jam'iyya ta yarda gwamnatin tarayya ta kare bauta a yankunan ko da mazauna wurin ba sa so, da aka ƙi suka fice, jam'iyyar ta dare gida biyu, shi ya share wa Lincoln hanya ya ci da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u. Kuma da suka samu tasu ƙasar suka rubuta nasu kundin a Maris 1861, kusan kwafin na Amurka ne, amma suka sa a ciki cewa ba za a taɓa yin dokar da za ta taɓa haƙƙin mallakar bayi baƙaƙe ba, kuma mai bawa yana da damar shiga kowace jiha da bayinsa ya zauna, duk yankin da suka samu nan gaba dole a kare bauta a cikinsa. Dan Allah duba min, mutanen da wai suka fita don 'yancin jihohi.

In kana mamakin me ya sa za su rusa ƙasa a kan wannan, ka kalli kuɗin. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 a ƙasar da ke da mutum miliyan 31, darajarsu a kasuwa ta haura dala biliyan 3 na wancan lokacin, ta fi abin da aka zuba a layin dogo da masana'antun ƙasar duka in an haɗa, auduga kuwa da bayin ke nomawa a gandaye ta fi rabin duk abin da Amurka ke fitarwa waje, ita ce ke ciyar da masaƙun Ingila. Bawa shi ne jarin mutum, da shi ake jingina a banki a ci bashi, shi ake rabawa a gado, shi ake ba 'ya in za ta yi aure. Kuma ka bi jerin yadda suka fita, Karolina ta Kudu da ta fara bayi sun kai kashi 57 na mutanenta, Misisipi ta biyu kashi 55, jihohin da bayi ba su da yawa irin su Delawe da Merilan da Kentaki da Mizuri ba su ɓalle ba duk da suna da bauta, yankin duwatsun Bajiniya inda bayi ƙalilan ne ya ƙi bin uwar jihar har ya zama jiha mai zaman kanta a 1863. Biri ya yi kama da mutum ai.

Batun haraji kuma ba zan ɓata lokaci sosai ba. Eh an taɓa yin rigimar haraji ta gaske, a 1832 zuwa 1833, lokacin da Karolina ta Kudu ta ce ba za ta bi dokar harajin tarayya ba, shugaban ƙasa na lokacin Andrew Jackson ya zare mata ido, ba jiha ɗaya da ta mara mata baya, aka sasanta. Amma a 1860 harajin da ke aiki shi ne na 1857, mai sauƙi ne ƙwarai kuma da hannun 'yan majalisar Kudu aka yi shi, shi wancan mai tsanani da ake yawan ambata, na Morrill, bai samu wucewa a majalisar dattawa ba sai a Fabrairun 1861 bayan sanatocin jihohin da suka ɓalle sun tattara nasu ya nasu sun tafi. Kuma ga wata hanya mai sauƙi ta gane abin da ake faɗa a kai, ka duba me aka sa a faifai lokacin sulhu. A Disamban 1860 sanata John Crittenden na Kentaki ya kawo gyare-gyare shida ga kundin tsarin mulki don a hana ƙasar rabewa, duka shidan a kan bauta suke, ba ko ɗaya a kan haraji.

To sai maganar Lincoln, kuma nan ne abokinka yake da gaskiya amma ya haɗa tambaya biyu ya mayar da su ɗaya. Abin da ya sa Kudu ta ɓalle daban, abin da ya sa Arewa ta ɗauki makami daban. Arewa da farko ta shiga yaƙi ne don kar ƙasa ta wargaje bayan 'yan Kudu sun buɗe wa sansanin sojan tarayya na Sumter wuta ranar 12 ga Afrilu 1861, kuma kar ka ɗauka 'yan Arewa waliyyai ne, wariyar launin fata cike take a can, jihar Lincoln kanta Ilinoi tana da dokar hana baƙar fata shigowa su zauna, a Yulin 1863 kuma 'yan zanga-zanga a Niyok sun bi baƙaƙe suna kashewa. Wasiƙar da abokinka ya ambata gaskiya ce, Lincoln ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley ita ranar 22 ga Agusta 1862, amma bai ƙarasa maka ba, a nan take ya ce in kuma sai ya 'yanta su duka ne zai ceci ƙasar to zai yi, ya rufe da cewa burinsa na kansa shi ne kowa ya zama ɗa a ko'ina, kuma lokacin da yake rubuta ta wata guda kenan da ya nuna wa ministocinsa daftarin sanarwar 'yanta bayi, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 1863. Ɗan siyasa ne yana lallaɓa jama'a. Shi dai tun farko abin da jam'iyyarsa ta Rifablikan ta tsaya a kai shi ne ba za ta taɓa bauta a inda take ba amma ba za ta bari ta ƙara faɗaɗa ko taku ɗaya ba, 'yan Kudu kuma sun san in aka killace ta a hankali za ta mutu, jihohi marasa bauta za su yi ta ƙaruwa har su rinjaye su a majalisa. Akwai wata gajeriyar wasiƙa da Lincoln ya aika wa Stephens ɗin nan a Disamban 1860, tsofaffin abokai ne tun suna majalisa tare, ya ce masa ku kuna ganin bauta daidai ce a faɗaɗa ta, mu muna ganin kuskure ce a taƙaita ta, nan ne kawai muka saɓa. Kafin yaƙin ya ƙare baƙaƙe kusan 180,000 sun sa kakin sojan Arewa, kuma abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba har da ɗan Kukawa ta Borno a cikinsu, Muhammad Ali bin Sa'id da aka fi sani da Nicholas Said, ɗan Barka Gana jarumin Shehu al-Kanemi, an kama shi yana yaro aka sayar da shi ta Sahara zuwa Tarabulus da Istanbul har Rasha, daga baya ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets a 1863.

Wani zai ce ai yawancin sojojin Kudu talakawa ne ba su da bawa. Haka ne, kusan gida ɗaya cikin uku ne ke da bayi a jihohin da suka ɓalle, koda yake a Misisipi da Karolina ta Kudu ya kusa rabi, kuma na yarda saurayi zai iya tafiya yaƙi don abokansa sun tafi ko don ya ga baƙin sojoji a ƙofar gidansu ko don kar a ce masa matsoraci. Amma dalilin soja ba shi ne dalilin yaƙi ba, ba shi ya kira taron ɓallewa ba. Kuma wanda ba shi da bawa yana hayar bawa, yana fatan ya saya wata rana, an kuma tsorata shi cewa in aka 'yanta su za su yi daidai da shi. Gwamnatin Jefferson Davis, shugaban sabuwar ƙasar ta Kudu, ita ta fara kawo dokar ɗaukar soja dole a tarihin Amurka a Afrilun 1862, gwamnan Jojiya Joseph Brown ya yi ta kumfar baki cewa an take haƙƙin jiharsa ba wanda ya saurare shi, a Oktoba kuma aka ƙara da cewa duk gandun da ke da bayi ashirin an ɗauke wa farar fata ɗaya zuwa yaƙi, shi ya sa talakawan suka dinga cewa yaƙin masu kuɗi ne amma talaka ke mutuwa. Inda kawai zan ɗaga wa abokinka ƙafa shi ne jihohi huɗun ƙarshe, Bajiniya da Akansas da Karolina ta Arewa da Tenesi, waɗanda ba su fita ba sai da Lincoln ya nemi sojoji 75,000, Bajiniya ma ta ƙi ɓallewa a ƙuri'ar 4 ga Afrilu sannan ta juya ranar 17, a nan kam batun ko tarayya na da ikon tilasta wa jiha ya yi tasiri, amma da aka ce kowa ya zaɓi ɓangare sun bi 'yan'uwansu masu bayi ne.

Ita wannan tatsuniyar ta 'yancin jihohi kuwa bayan an sha kashi aka ƙera ta. Janar Lee, babban kwamandan sojan Kudu, ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865, mutum sama da 600,000 sun mutu, gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ya haramta bauta a ƙarshen shekarar, duniya kuma ta juya wa bauta baya, to wa zai so a ce ɗansa ya mutu ne don a ci gaba da sayar da mutane? Sai Stephens mai maganar harsashi ya rubuta littafi juzu'i biyu yana cewa ai rigimar tsarin mulki ce, Davis ma a nasa littafin na 1881 ya ce bauta ba ita ce sanadi ba, alhali shi ne a Afrilun 1861 ya gaya wa majalisarsa cewa Arewa na neman lalata musu dukiyar bayi ta dubban miliyoyin daloli. Ƙungiyar 'ya'ya matan tsofaffin sojojin Kudu da aka kafa a 1894 ita ta ɗauki aikin da gaske, ta cika dandali da gumakan janar-janar, ta sa ido a kan littattafan makaranta duk wanda ya ce an yi yaƙin don bauta a ƙi shi, haka yara suka tashi suna haddacewa jika da kaka, kuma ya yi aiki don a binciken cibiyar Pew na 2011 kashi 48 na Amurkawa sun ce 'yancin jihohi ne, kashi 38 ne kawai suka ce bauta. Ka ga abokinka abin da ya tarar a gari ne ya ɗauka.

In kun sake haɗuwa ka gaya masa maganar John Mosby, kanar ne a sojan doki na Kudu, ya addabi sojojin Arewa a Bajiniya, ba wanda zai ce masa ɗan koren Arewa. A 1907 yana tsoho ya gaji da jin wannan labarin ya rubuta wa wani tsohon abokin yaƙinsa wasiƙa, ya ce shi ba ya jin kunyar ɓangaren da ya yi wa yaƙi don soja ƙasarsa yake bi ko tana da gaskiya ko ba ta da ita, amma Kudu saboda bauta ta shiga yaƙi, Karolina ta Kudu ta faɗa da kanta a takardar ɓallewarta, kuma ai ita ya kamata ta fi kowa sanin abin da ya fitar da ita.